Sarƙa na tamkewa da lodi bayan an ƙara tsawon ƙarfen baya: wasa nawa ya kamata a bar mata?

Mai Albasa, Marwa

Assalamu alaikum. Ina neman shawarar iyayenmu bakanikai da duk wanda ya san aikin babur a kan wata matsala ta sarƙa. Babur ɗina ƙarami ne mai inji 100cc, sarƙarsa mai lamba 428 ce, kuma da shi nake ɗauko albasa daga lambunan Meskin zuwa kasuwar Marwa, wani lokaci har Mora. Saboda buhu yakan zauna a bayan taya ya riƙa ɗage mini gaba a kan hawa, sai na kai shi wurin mai walda, ya yanke ƙarfen nan mai reshe biyu da ke riƙe da tayar baya, ya ƙara masa tsawon santimita 8, ya kuma tsawaita kariyar ɗora kaya. Da aka gama, bayan babur ya zauna ƙasa fiye da da, don haka aka cire shokozoba na asali aka sa waɗansu da suka ɗan fi su tsawo. Sarƙar ba a canza ta ba, gaɓa 14 aka yanko daga sabuwa aka haɗa da tsohuwar da makulli biyu, wato gaɓoɓin haɗi masu buɗewa.

Idan na ɗora babur a kan babban jak na bar wa sarƙa wasan milimita 25 kamar yadda na saba, to da zarar an ɗaure buhu biyu na hau, sai ta miƙe kamar tsirkiya, a riƙa jin wani kuka daga wajen ƙaramin pinyon na inji, wato faifan nan mai haƙora da ke jan sarƙa, kuma yanzu baƙin mai ya fara tsattsafowa daga bayansa. Idan kuma na sassauta ta yadda za ta huta da lodi, a dawowa ba kaya sai ta riƙa dukan ƙarfe, har ta taɓa zamewa daga babban pinyon ina tsallake yashin mayo, wato kogi. Na kuma lura cewa idan na juya taya da hannu, sarƙar takan yi tauri a wani wuri ta yi sako-sako a wani.

Wasa nawa ya dace da babur irin wannan, kuma a wane hali ake auna shi, da kaya ko ba kaya? An ba ni shawarar in sa 'yar tayar nan mai sifirin da ke tokare sarƙa daga ƙasa, ina so in ji ra'ayinku a kanta kafin in kashe kuɗi. Allah ya saka da alheri.

Tsohon Bakanike, Garwa

Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin komai ka dakatar da yin lodi a kan wannan babur har sai an daidaita sarƙar. Man da ka ga yana tsattsafowa alama ce ta cewa sarƙa tana fizgar sandar da ƙaramin pinyon ke zaune a kanta, har ta fara cin robar da ke tare mai, kuma abin da ke bayan wannan roba shi ne boris na cikin inji. Robar ana iya canza ta daga waje, amma boris ɗin sai an sauke inji an raba shi gida biyu kafin hannu ya kai gare shi.

Milimita 20 zuwa 30, ko 25 zuwa 35, da ake rubutawa a littattafan ƙananan babura, an auna su ne a kan babur yadda ya fito daga kamfani, da tsawon ƙarfensa da tsawon shokozobansa na asali. Naka an canza masa duka biyun, saboda haka wannan lamba ta daina aiki a kansa, dole ne ka nemo tasa lambar da kanka. Akwai wurare uku da za ka riƙe a ranka: tsakiyar ƙaramin pinyon, tsakiyar babbar ƙusar da ƙarfen baya ke lilo a kanta, da tsakiyar ƙusar taya. Taya tana hawa da sauka ne a kewayen ƙusar lilo, ita kuwa sarƙa tana rataye da pinyon wanda ke gaba da ƙusar da 'yar tazara, shi ya sa nisan da ke tsakanin pinyon biyu ba ya tsayawa ɗaya. Wannan nisa yana kai ƙarshensa ne lokacin da wuraren uku suka jeru a layi ɗaya. Idan babu kaya, taya tana ƙasa da layin, sarƙa tana da wasa. Da buhu biyu da kai kanka kun danne shokozoba, ƙarfen yakan miƙe ya hau layin, ya cinye wasan gaba ɗaya, kuma idan ya wuce layin zuwa sama sarƙar takan sake sassautawa. A wannan layi ake ɗaure sarƙa, ba a kan jak taya na reto ba.

Ga yadda nake yi a gareji. A ɗora babur a kan babban jak a ƙasa mai tauri, a kwance notocin ƙasa na shokozoba biyu a ture su gefe, a cire murfin ƙaramin pinyon domin a ga tsakiyarsa. Yaro ya ɗaga taya a hankali, kai kuma ka miƙa zare daga tsakiyar pinyon zuwa tsakiyar ƙusar taya, kana duba lokacin da zaren zai ratsa daidai ta tsakiyar ƙusar lilo. Da ya ratsa, a cusa katako a ƙarƙashin ƙarfen ya riƙe shi a nan, taya tana iya juyawa. Sai ka juya tayar sannu a hankali kana taɓa sarƙar ƙasa a tsakiyar tazara har ka sami wurin da ta fi tauri, ka yi masa alama da alli. A wannan wuri, a wannan tsayi, ka bar mata wasan milimita 10 zuwa 15, wato daga inda ta tsaya idan ka danna ta ƙasa zuwa inda ta tsaya idan ka tura ta sama, da rula a tsaye a bayanta. Ka ɗaure notin ƙusar taya sosai ka sake aunawa, domin ɗaure notin kansa yakan canza wasan.

Bayan nan a mayar da shokozoba, a bar taya ta sauka tana reto, a dawo da alamar alli tsakiya, a sake aunawa. Lambar da ka samu ita ce ta babur ɗinka daga yau. Ka rubuta ta da fenti a cikin murfin gefe, kuma kullum ka auna a kan babban jak ba kaya, kamar yadda ka same ta, kada yau a kan babban jak gobe a kan na gefe. Za ta fi 25 nesa, kada hakan ya tayar maka da hankali.

Game da tauri a wani wuri da sako-sako a wani, ba na shakkar cewa daga haɗin nan ne. Sarƙa ba miƙewa take yi ba idan ta tsufa, fil-fil ɗin cikinta da ramukansu ne ke cinyewa, kowace gaɓa ta ƙara ɗan tsawo. Gaɓoɓin tsohuwar sun fi na sabuwar tsawo, don haka ba sa zama iri ɗaya a kan haƙora, kuma babu ɗaurin da zai gamsar da duka biyun. Ka gwada ta: ka miƙar da ita da kyau, ka auna daga tsakiyar fil na farko zuwa na 21. Sabuwar 428 tana ba da milimita 254, idan ta kai wajen 259 zuwa 260 ta gama aiki. Ko kuma ka kama ta a can bayan babban pinyon ka jawo ta baya, idan rabin haƙori ya bayyana ta mutu. Shawarata ita ce ka sayi doguwar sarƙa guda a yanke maka daidai, makulli ɗaya tak, tare da sababbin pinyon biyu, domin haƙoran da suka lanƙwashe suna cinye sabuwar sarƙa da wuri. Idan za a sa 'yar makullin, rufaffen bakinta ya fuskanci inda sarƙa ke tafiya.

Ɗan Kilando, Kuseri

Baba na Garwa ya faɗi abin da ya fi muhimmanci, Allah ya ƙara masa lafiya. Abin da zan ƙara daga wajenmu shi ne batun 'yar tayar sifirin da ɗan'uwa ya tambaya. A nan Kuseri da Njamena na ga masu dakon kaya da suka ƙara wa baburansu tsawo suna amfani da ita, kuma a ganina tana da amfani, domin babur mai tafiya da lodi ya dawo wayam yana rayuwa ne a hali biyu, kuma ita ce ke kwashe ragowar sarƙa a lokacin dawowa, ta hana ta dukan ƙarfe a kan hanya mai gargada irin ta Mora zuwa Dabanga. Sharaɗin kawai shi ne a ɗaura ta a ƙarƙashin ƙarfen kusa da ƙaramin pinyon, ta zauna daidai da layin sarƙa, kuma a riƙa duba ta saboda yashi yana cinye robarta da boris ɗinta.

Sai batun gidan sarƙa. Yawancin ƙananan baburan da muke hawa suna zuwa da rufaffen gida na kwano, kuma na san naka ya daina shiga tun da aka ƙara tsawo. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin rashi ba ne. Da hunturu ƙura takan manne wa mai ta riƙa goge fil-fil, da damina kuma baƙar lakar nan tamu takan cika tsakanin haƙora ta ɗaga sarƙa, ta tamke ta fiye da yadda ka ɗaure ta, musamman idan ta bushe a kai. Ka sa mai walda ya haɗa maka gida biyu ya zama ɗaya mai tsawo, ko aƙalla murfin sama da na gefen taya. Sarƙar da ke a buɗe tana bukatar wanki da kananzir da tsohon buroshi, a bar ta ta bushe, a ɗiga mata man giya mai lamba 90 ta cikin sarƙar ƙasa ana juya taya, sannan a goge na waje da tsumma. Littattafan irin waɗannan babura sukan ce a yi haka duk kilomita 500, amma a hanyar ƙasa ban ga laifin yi kafin nan ba. Tsohon baƙin mai da muke zubawa saboda araha ya fi barinta a bushe, sai dai ruwa-ruwa ne, yakan fantsale tun kafin a yi nisa. Kada kuma a auna wasa da laka a jikin sarƙa.

Malamin Koyar da Sana'a, Ngaundere

Ina gaida Baba na Garwa, kuma ina tare da hanyarsa ɗari bisa ɗari. Ina so ne in nuna da lissafi inda matsalar take, domin mutane da yawa suna zaton tsawon da aka ƙara shi kaɗai ne ke sa sarƙa neman wasa mai yawa, alhali rabonsa a ciki kaɗan ne.

A ce nisan da ke tsakanin pinyon biyu santimita 53 ne a da, yanzu ya zama 61. Ya ƙaru da kusan kashi 15 cikin 100, amma wasan da sarƙa ke bukata ba ya ƙaruwa da wannan gwargwado, da kusan rabinsa yake ƙaruwa, wajen kashi 7, wato inda ake barin milimita 30 a koma barin 32. Abin da ke sauya lamarin sosai shi ne yawan sunkuyawar ƙarfen baya daga layin da Baba ya bayyana. Idan sunkuyawar ta ninka, wasan da ake bukata ma kusan ninkawa yake yi. Dogayen shokozoba da aka sa su ne suka tura taya ƙasa, suka nesanta ta daga layin idan ba kaya, kuma tun da ba su fi na asali ƙarfi ba, lodi yana komar da ita kan layin nan take. Saboda haka babur yana kaiwa da komowa tsakanin wuri biyu masu nisa da juna, sarƙa ɗaya kuma ba ta iya gamsar da su ba tare da ta yi reto ba.

Dalilin da ya sa bayan babur ya zauna ƙasa tun farko shi ma sananne ne. Idan an bar kunnen shokozoba a inda yake aka matsar da taya baya, taya ta sami ƙarin ƙarfi a kan sifirin. A misali, ƙarfe mai santimita 45 da ya koma 53 yana sa sifirin ya yi laushi a wajen taya da fiye da kashi ɗaya bisa huɗu. Abin da ya dace da wannan shi ne shokozoba mai tsawon asali amma mai ƙarfi, ko a murɗa matakin sifirin zuwa mafi tauri, ko a matsar da kunnen baya kusa da taya ta yadda ƙarfen zai koma sunkuyawarsa ta asali. Idan an yi haka za ka ga lambar da za ka samu a gwajin Baba ta sauko kusa da ta littafi, dukan ƙarfe kuma ya ragu da kansa.

A kan 'yar tayar sifirin, ina da ɗan saɓani da ɗan'uwanmu na Kuseri. Ba na cewa ba ta da amfani, amma tana ɓoye gaskiyar wasan, mutum ya taɓa sarƙa ya ji ta a miƙe alhali ta yi tsawo ko haƙora sun cinye. Sannan idan an saki mai a gangara, kamar gangaren da ake saukowa daga Ngaundere zuwa Garwa, taya ce ke jan inji, sarƙar ƙasa ce ke tamkewa, sai ta ture 'yar tayar ƙasa, ragowar ta koma sama inda babu abin da ke tokare ta. Don haka ba ta maye gurbin ɗauri na daidai. Wanda zai sa ta, ya fara ɗaure sarƙa da hanyar jera wuraren uku a layi ɗaya, kuma duk lokacin aunawa ya janye ta daga jikin sarƙar tukuna.

Sai ƙidayar gaɓoɓi. Kowace gaɓa ta 428 milimita 12.7 ce, kuma ana ƙara su biyu-biyu ne, kowane biyu suna matsar da taya baya da milimita 12.7. Gaɓa 12 suna ba da kusan santimita 7.6, gaɓa 14 suna ba da kusan 8.9. Tun da 8 aka ƙara, da 14 an riga an cinye kusan milimita 9 na ramin jan taya tun sarƙa ba ta fara tsufa ba. Idan ramin ya yarda taya ta matso gaba, 12 a kan adadin asali ya fi, amma a gwada a kan babur kafin a yanke, domin abin da aka yanke ba ya dawowa sai da makulli na biyu. A kuma yi hattara da notocin ja: a tazarar santimita 60, wasan milimita 30 ragowar sarƙa ce da ba ta kai milimita ɗaya ba, zagaye ɗaya na noti kuma yana jan taya milimita ɗaya ko ɗan fiye. Kwatan zagaye ake murɗawa a lokaci guda, dama da hagu daidai, ana aunawa.

Mai Albasa, Marwa

Na gode ƙwarai, Baba da Malam da ɗan'uwa na Kuseri. An yi gwajin a garejin unguwarmu. Tsohon ɓangaren sarƙar ya ba da milimita 260 a fil 21, don haka na sayi sabuwa da pinyon biyu, kuma ƙarin gaɓa 12 ya isa kamar yadda Malam ya lissafa. Da aka jera wuraren uku aka bar wasan milimita 12, aka mayar da dogayen shokozoba, rula ta nuna milimita 45 a kan jak. Da aka gwada da waɗansu masu tsawon asali kuma masu kaurin sifirin, lambar ta sauko zuwa 34, da su na zauna. An canza robar mai, kukan ya ɗauke, kuma da buhu biyu sarƙa tana motsi a ƙarƙashin yatsa.

Abu biyu suka rage. Na ga gefe ɗaya na haƙoran sabon babban pinyon ya fara ƙyalli fiye da ɗayan, ko da yake alamomin jikin ƙarfen sun yi daidai dama da hagu. Na biyu, birkin baya yana kamawa da kansa kaɗan idan na faɗa rami da lodi.

Tsohon Bakanike, Garwa

Madalla, ɗana. Ƙyallin gefe ɗaya yana nufin taya ta karkace, sarƙa tana shiga haƙora a kaikaice. Alamomin jikin ƙarfe ba abin dogara ba ne bayan an yanka an yi walda, domin da wuya reshen biyu su fito tsawo ɗaya daidai. Ka auna da tef daga tsakiyar ƙusar lilo zuwa tsakiyar ƙusar taya a kowane gefe har su zo ɗaya, sannan ka tsuguna a bayan babur ka hangi sarƙar sama, ta tafi sak daga babban pinyon zuwa ƙarami ba tare da lanƙwasa ba. Idan awon ya zo ɗaya amma har yanzu tana shiga a kaikaice, to ƙarfen ya murɗe a wajen walda ko an sa zoben tazarar taya ba daidai ba, sai a koma wurin mai walda. Ka tambaye shi kuma ko ya zura bututu a cikin mahaɗin kafin ya yi walda, domin baki da baki kawai ba ya ɗaukar lodin albasa a hanyar Mora. Ka riƙa goge wurin kana duba tsaga, tsatsa siririya a bakin walda ita ce alamar farko.

Birkin kuwa kada ka bar shi ya kwana. Sandar birki da ƙarfen da ke riƙe farantin birki dole a ƙara musu tsawo daidai da na ƙarfen baya, kuma duk lokacin da aka ja taya baya sandar takan ƙara tamkewa. Ka sassauta notin bayan sandar har feda ta sami wasan milimita 20 zuwa 30 kafin birki ya kama, sannan ka sa mutum biyu su zauna a kai ka tura babur ka ji ko taya tana tafiya ba riƙo. Idan har yanzu yana kamawa da lodi, ƙarin da aka yi wa sandar ya gaza ko tana gogar wani abu a hanya, sai a yi sabuwa daga ƙarfe guda maras haɗi, a sa fil mai tsaga a notin ƙarfen farantin, a kuma daidaita makunnin fitilar birki bayan an gama.